AJIYAR DA MAI ITA YA MANTA

Kowace ajiya tana da ranar tambaya. Wanda ya ba maƙwabcinsa tunkiya kiwo ya kan zo wata rana ya dube ta. Wanda ya bar kuɗi a hannun abokinsa ya tafi cin rani, sa'anda ya komo zai ce, "Ina ajiyata?" Sanin wannan rana shi ke tsare mutane da yawa daga cin amana, ko da tsoron Allah bai yi ƙarfi a zuciyarsu ba. Amma akwai wata ajiya wadda mai ita ba zai ƙara tambayarta ba, ko da shi ke yana da rai, yana zaune a zaurensa, ana gaishe shi safe da yamma. Ita ce dukiyar tsohon da hankalinsa ya soma gushewa.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a gidajen masu-bi na ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu. A gari kamar Rawayya, dattijo ya kan kai shekara 80 yana da gonarsa, da rumbun dawa da gero, da shanun huɗa, watakila da ɗan fansho idan ya yi aikin gwamnati ko na jirgin ƙasa. Sai a ga ya soma sayar da abu ɗaya sau biyu, ya biya bashin da ya riga ya biya, ya ɓoye kuɗi ya manta wurin. Daga nan tilas wani ya riƙe masa, ko ɗa, ko 'ya, ko ƙane. Tambayar da mu ke so mu bincika ke nan: dukiyar nan ta wa ce yanzu, kuma ga wa mai-riƙon zai ba da lissafi?

WACE IRIN CUTA CE?

Mu kan ce da ita gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci kuwa suna kiranta cutar mantuwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido ciwo ne na ido. Wani likitan ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa a shekarar 1906, har yau ana kiransa da sunansa. Wani irin kuma ya kan biyo bayan hawan jini da shanyewar jiki, sa'anda jini ya kasa isa wasu sassa na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke da cutar a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna cikin ƙasashen da ba su da wadata sosai.

Abu biyu ya kamata mai-bi ya riƙe. Na fari, wannan ba maita ba ce, ba kuwa hukuncin Allah ba ne. Tsohuwar da ta fita da dare tana kiran sunayen matattu ba ta kama kurwar kowa ba, ƙwaƙwalwarta ce ta gaji. Na biyu, ba kowace ruɗewa ce wannan cuta ba. Zazzaɓi mai-zafi, da ciwon mafitsara, da wani magani mai-ƙarfi, da baƙin ciki mai-tsanani su kan ruɗa tsoho, a yi magani ya warke sarai. Domin wannan kada a karɓe wa dattijo mabuɗin rumbunsa tun ba a kai shi ga likita ba. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Cutar mantuwa kanta ba a sami maganin warkar da ita ba tukuna. Ta kan yi ta ƙaruwa kaɗan kaɗan shekara da shekaru, domin haka riƙon da mu ke magana a kai ba na wata ɗaya ko biyu ba ne.

TAKARDAR WAKILCI

A dā, idan tsoho ya gaza, babban ɗansa ya kan ɗauki gandu, dangi duka sun sani, mai-unguwa ya sani, shi ke nan. Yanzu wani sashi na dukiya yana banki, banki kuwa bai san babban ɗa ba. Tun 2014 aka soma ɗaure kowace ajiyar banki da lambar BVN, watau da zanen yatsun mai ita da hoton fuskarsa. Ga wannan dalili ne a ke rubuta takardar wakilci. Takarda ce wadda mutum ya ke sa hannu a gaban shaidu, ya ba wani iko ya yi masa wasu ayyuka da sunansa, kamar karɓar haya, ko biyan bashi, ko lura da gona.

Sai mu lura da ƙa'idodinta. Mai-hankali ne kaɗai ya ke iya ba da ita, watau wanda ya gane abin da ya ke bayarwa da wanda ya ke ba. Idan ba ya karatu, doka ta ce wanda ya rubuta masa ya sa sunansa da wurin zamansa, ya shaida an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Wakili ba shi da iko sai wanda aka rubuta. Ran da mai-dukiya ya mutu, wakilci ya mutu tare da shi. Daga wannan rana cire ko naira ɗaya da katinsa, ko karɓar fanshonsa, sata ce.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bisa ga ƙa'idar da Nijeriya ta gada daga shari'ar Ingila, wakilci na yau da kullum ya kan faɗi sa'anda hankalin mai-bayarwa ya gushe, sai a 'yan wurare da doka ta keɓe, waɗanda lauya zai bayyana. Dalili kuwa shi ne, wakili hannu ne, ba ya iya yin abin da mai-hannun kansa ba shi da ikon yi. Mutanen Ingila sun ga wahalar wannan, suka yi doka a 1985, suka yi wata a 2005, domin mutum ya iya naɗa wakilin da zai ɗore bayan hankalinsa ya tafi. Kada fa wani ya ji labarin dokar Ingila daga ɗan'uwansa da ke can, ya zaci haka ta ke a Gusau. A nan, idan cutar ta riga ta yi nisa, hanya ita ce a nemi lauya, a kai takardar likita gaban kotu, kotu ta sa mai-riƙo. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan a cikin fiƙihunsu, gama alƙali ya kan sa waliyyi a kan dukiyar wanda hankalinsa ya gushe. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuwa tsaya a kan mutuncin mai-ciwo da hakkinsa.

Akwai gajeriyar hanya wadda Shaiɗan ya kan nuna. A rubuta takarda, a kama yatsan tsohon da bai san ko yau wace rana ba, a dangwala. Mun san wanda ya soma irin wannan. Cikin Farawa sura 27 Yakubu ya ga idon Ishaku ya dushe, uwatasa ta rufe masa hannuwansa da fatar akuya, ya karɓi abin da uban bai nufe shi da shi ba. Ya sami abin da ya ke so, amma ya bar gida a guje, ya yi shekara 20 a ƙasar baƙunci, daga baya 'ya'yansa suka ruɗe shi da riga da jinin akuya. Takardar da aka samu ta haka ba ta da ƙarfi a gaban shari'a, balle a gaban Allah.

DUKIYAR TA WA CE?

Amsarmu gajeriya ce: ta tsohon ce har ran da ya mutu. Mantuwa ba ta mayar da ita ta wani ba. Mutum ba ya rasa gonarsa don ya yi barci, ba ya rasa ta don ya makance, haka kuma ba ya rasa ta don ya manta iyakarta. Darajarsa ba daga tunaninsa ta fito ba, daga Allah ne wanda ya yi shi cikin kamaninsa. Kowa zai yarda da wannan da baki. Amma akwai masu-nema guda uku da su kan zo ƙofar rumbun nan, kowanne da kyakkyawar hujja.

Na fari su ne magada. Ba su cewa a raba, gama kunya ba ta barinsu. Abin da su kan ce shi ne, "Kada a ɓarnatar." Idan aka ce a sayar da sa ɗaya a saya wa Baba magani da katifa da nama, sai wani ya ce, "Tsohon da ba zai warke ba, ina amfanin?" A zuciyarsa ya riga ya lissafa san nan cikin rabonsa. Ƙaramin ɗan nan na Luka sura 15 ya nemi gādonsa uban yana da rai, amma shi a fili ya nema. Wanda ya ke ƙuntata wa ubansa domin gādo ya yi yawa ya yi abin nan a ɓoye, ya kuwa sa masa suna tattali. Tsoho ya tara domin ranar gajiya, ranar ta zo. Idan jinyarsa ta cinye dukiyar duka, ba a zalunci kowa ba.

Na biyu shi ne mai-riƙon kansa. Ba ya soma da niyyar sata. Ya kan soma da rance. Taki ya yi tsada, katin Baba yana aljihu, mai POS yana bakin kasuwa. Ya ce, "Da kaka zan mayar." Kaka ta zo, ba wanda ya tambaya. Shekara ta kewayo, ya ce, "Ai ni ke wahala da shi." Shekara ta uku ba ya ma ce wa kansa kome. Yahuda shi ne mai-riƙon jakar almajirai, Yohanna sura 12 kuwa ta gaya mana ya saba taɓa abin da ke ciki tun kafin ya kai ga azurfa 30. Cikin Leviticus 19:14 Allah ya hana a zagi kurma, ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaura dokar ga tsoronsa. Don me? Domin kurma ba zai ji ba, makaho ba zai ga wanda ya yi ba. Laifin da wanda aka yi wa ba zai taɓa sani ba, tsoron Allah ne kaɗai ke hana shi.

Na uku, sai mu faɗa da sunkuyar da kai, ita ce ekklesiya. Ana ginin ɗakin sujada, ana neman kwano da siminti. Ga dattijon da ya yi shekara 50 yana bin Ubangiji, yanzu kowa ya roƙe shi sai ya ce, "Ɗauka." Ko kuwa ɗansa ya tashi ran taron baiko ya yi alkawari mai-yawa daga dukiyar uban, a tafa masa. Ubangijinmu ya riga ya yanke wannan shari'a cikin Markus 7:9-13, inda ya tsauta wa waɗanda su ke keɓe wa Allah abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi. Kada mai-aikin ekklesiya ya karɓi babbar kyauta daga hannun tsohon da ya ruɗe. Kada kuma fasto ya yarda a mai da shi mai-riƙon kuɗin. Ya zama shaida, ya zama mai-sulhu, amma jakar ta zauna a hannun dangi.

MAGANAR WA ZA A BI?

A nan ne maganar ta yi wuya, har ga mai-riƙon da zuciyarsa ta ke fara. Ya yarda dukiyar ta Baba ce. To, wane Baba? Na yau, wanda ya ke cewa a ba kowane mai-wucewa tiyar dawa, ko na shekara 10 da suka wuce, wanda ba ya buɗe rumbu sai damina ta yi nisa? Muna ba da matakai uku.

1. Abin da tsoho ya ke iya yanke wa kansa, a bar masa. Hankali ba ya tafiya rana ɗaya kamar a hura fitila. Wanda ba ya iya lissafin banki watakila ya san sarai wace gona ya ke so a shuka wa gyaɗa, da wace jika ya ke so a yi wa ɗinki. Cikin Farawa sura 48 Yakubu ya tsufa, idonsa ya dushe, ya sa hannun damansa a kan ƙaramin jikansa. Yusufu ya zaci kuskure ne, ya so ya gyara, ashe tsohon ya san abin da ya ke yi. Dokar Ingila ta 2005 ma ta kafa cewa ba a ɗaukar mutum marar-hankali don kawai ya zaɓi abin da wasu su ke gani wauta ne. A tambaye shi da safe sa'anda kansa ya fi washewa. A bar 'yan kuɗi a aljihunsa na goro da na baiko, ya sa a faranti da hannunsa. Idan sun ɓace, asarar ƙanƙanuwa ce, mutuncin da aka saya da ita kuwa babba ne.

2. Abin da ya fi ƙarfinsa, a bi halinsa na dā. Mai-riƙo ya tambayi kansa, "Da Baba yana cikin hankalinsa, me zai yi?" Idan ya saba fitar da zakkarsa, a fitar. Idan kowace kaka ya kan aika wa wata gwauruwa dami biyu, a aika. Idan shi ke biyan kuɗin makarantar marayan ɗansa, a biya. A yi bisa ma'aunin da ya saba, muddin abincinsa da maganinsa da na matarsa ba su taɓu ba. Kada mai-riƙo ya ƙara don shi mai-kyauta ne, kada ya rage don shi mai-rowa ne.

3. Idan maganarsa ta yau za ta cuce shi, a ƙi ta da ladabi. Tun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira, amma tsohon da ya ruɗe ya kan koma can, ya yi cinikin sa da kuɗin da ba zai sayi kaza ba yau. Ɗan da ya hana wannan ciniki bai raina ubansa ba. Girmama iyaye ya fi gaban cewa "To" ga kowace kalma. Ba a yi masa tsawa, ba a ce, "Kai ba ka da hankali." A ce, "Baba, bari mu kwana a kai, gobe ma yi shawara." A kuma sanar da mutanen kasuwa da maƙwabta a asirce, domin kada a yi ciniki da shi shi kaɗai.

Mun ga misalin wannan a canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ƙarshen Janairu na 2023 ya zama wa'adi. Jihar Zamfara tana cikin jihohi uku na fari, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun kuwa ta yanke a 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Amma kafin hukuncin nan kowa ya tsorata. A ce tsohuwa tana da kuɗi a tukunya ƙarƙashin gado, ta ƙi a taɓa. 'Yar da ta kira 'yan'uwanta biyu, suka ƙirga tare, suka rubuta, suka kai ajiya da sunan uwar, ta yi daidai ko da uwar ta yi fushi. Wanda ya ɗauka shi kaɗai da dare ya zuba cikin ajiyarsa "don sauƙi", ko da niyyarsa ta gari ce, ya sa ƙafa a kan santsi.

SA'ANDA RAI YA KE CIKIN HATSARI

Akwai wata tambaya wadda mutanen ƙasarmu ba su iya kauce mata. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna satar mutane a Zamfara suna neman fansa. A ce an ɗauke jikan tsoho a hanyar gona, an sa wa'adi, dangi sun tattara abin da su ke da shi bai kai ba, abin da ya rage sai shanun kakan da gonarsa ta fadama. Kakan kuwa bai ma gane an ɗauki kowa ba. Me mai-riƙo zai yi?

Ba mu hukunta batun biyan fansa a nan, wannan magana ce dabam. Abin da mu ke dubawa shi ne hannun da zai taɓa dukiyar. Mataki na biyu ya kan ba da haske, gama yawancin kakannin da muka sani da sun sayar da riga da wando domin jikansu. Duk da haka wuta ba ta ba mutum ɗaya ikon yanke wannan shi kaɗai. A tara 'ya'yan duka, da matar tsohon, da dattawa biyu na ekklesiya. Masu-ƙarfi su soma fitar da nasu, kada a fara da na wanda ba ya iya cewa a'a. A soma da dabba kafin ƙasa, a gwada jingina kafin sayarwa, gama gonar da aka jinginar tana iya komowa. A tuna kuma tun dokar ƙasa ta 1978 sayar da gona ko jinginar da ita yana da ƙa'idodin hukuma, mai-riƙo kuwa ba shi da wannan iko sai an ba shi. A ware abin da zai ci da tsohon. A rubuta shi bashi ne a kan dangi, ana biya masa da hatsi da hidima. Idan aka yi haka, an ceci yaro ba a yashe da tsoho ba.

HAKKIN MAI-JINYA

Sau da yawa wanda ya ke riƙe da kati dabam, wadda ta ke wanke tsumma dabam. Surukar gida ce, ko 'ya, ko tsohuwar matar da ita ma ƙafafunta ke ciwo. Ita ke tashi da tsakar dare idan tsoho ya buɗe ƙofa zai tafi gonar da ya noma yana saurayi. Ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ta ɗinki. Wanda ya ke zaune a Kaduna ko Abuja ya kan zo ran Kirsimati ya ce Baba ya rame. Litafi Mai-tsarki ya hana a ɗaure bakin san da ke sussuka (Kubawar Shari'a 25:4). Daidai ne a yanka wa mai-jinya wani abu daga dukiyar tsohon, gama hidimarsa ce ta ke yi. Amma kada ita ko mijinta su yanka wa kansu. Dangi su zauna su yanka, a faɗa a fili, a rubuta. Masu-nesa kuma su san cewa 1 Timothawus 5:4 da 5:8 ba ga na gida kaɗai aka rubuta su ba. Idan dukiyar tsoho ta ƙare, nauyin ya koma kan 'ya'yan duka.

LISSAFI A FILI

Wani zai ce, "Ni ɗansa ne, sai na rubuta kuɗin sabulu? Ba a yarda da ni ba ke nan?" Manzo Bulus ya fi mu aminci, amma sa'anda ya ke ɗauke da gudummawar ekklesiyoyi zuwa Urushalima ya sa 'yan'uwan da aka zaɓa su tafi tare, domin kada a sami abin zargi (2 Korinthiyawa 8:18-21). A zamanin sarki Yoash kuma, akwatin baikon haikali ba mutum ɗaya ke buɗe shi ba, magatakardan sarki da babban firist su ke ƙirgawa tare (2 Sarakuna 12:9-10). Lissafi yana tsare mai-riƙo daga zuciyarsa, yana kuma tsare shi daga bakin mutane. Cutar nan ta kan sa tsoho ya zargi wanda ya fi kusa da shi, ya fita ƙofar gida yana cewa an sace masa. Ran nan littafin lissafi ne zai wanke mai-gaskiya.

Ga abin da mu ke shawarta:

1. A ƙirga kome ran da aka soma riƙo, dami nawa, dabba nawa, gona nawa, kuɗi nawa, bashi nawa, a gaban shaidu biyu.
2. Kuɗin tsoho ya zauna da sunansa. Kada a gauraya shi da na kowa.
3. A sayi littafi ɗaya, a rubuta shiga da fita da ranarsu, a ajiye rasit.
4. Mai-riƙo kada ya ranta wa kansa, kada ya sayi kayan tsohon, kada ya sayar wa abokinsa.
5. Babban abu, kamar sayar da sa ko taɓa gona, sai da shawarar dangi da bin doka.
6. Sau biyu a shekara, da bazara da kaka, a karanta littafin a gaban dangi da wani dattijon ekklesiya.

GARE KU, IYAYENMU

Rigakafi ya fi magani. Yawancin rigimar nan da ba ta tashi ba, da an yi magana tun da wuri. Ku dubi Barzillai cikin 2 Samuila sura 19. Yana da shekara 80, mai-arziki ne, sarki Dauda ya gayyace shi zuwa Urushalima. Ya faɗi gaskiyar jikinsa, cewa ɗanɗanonsa da jinsa sun ragu. Ya faɗi inda ya ke so ya mutu a binne shi, ya kuma nuna wanda zai tafi a madadinsa. Ubangijinmu ma, yana kan giciye, ya danƙa uwatasa a hannun almajirin da ya amince da shi, a gaban shaidu.

Ku yi haka tun kanku yana sarai. Ku kira 'ya'yanku maza da mata, ku faɗi wanda ku ke so ya riƙe muku da wanda zai duba lissafinsa. Ku zaɓi mai-gaskiya ko da ba shi ne babba ba. Ku nuna iyakar gonaki, ku faɗi bashin da ku ke bi da wanda a ke binku, da waɗanda ku ke so a ci gaba da taimako. Ku tafi banki da ƙafarku ku tambayi yadda a ke ƙara hannun wani a kan ajiya, ku nemi lauya a kan takardar wakilci da ta wasiyya. Yin wannan ba ya kiran mutuwa, yana rufe ƙofar gaba tsakanin 'ya'yanku.

Ku kuma masu-riƙo, kada ku karai. Aikin yana da nauyi, wanda ku ke yi wa kuwa watakila ba zai ƙara kiran sunanku daidai ba, balle ya gode. Amma Allah ya yi alkawari cikin Ishaya 46:4 zai ɗauki mutanensa har furfura, da hannuwanku kuwa ya ke ɗaukar wannan. Shi bai manta da ko mudu ɗaya na rumbun nan ba, gare shi za mu ba da lissafi (Ibraniyawa 4:13). Bari dattawan kowace ekklesiya da Zumuntar Mata su san gidajen da a ke wannan jinya, su riƙa zuwa, su karɓi mai-jinya ko da wuni ɗaya ne ta huta.

Ubangiji ya ba mu hannu mai-tsabta a kan abin da ba namu ba, ya ba iyayenmu tsufa da mutunci. Amin.